Sharhi: Abin da ke korar ƴan tallan filaye da gidaje daga bakin aiki

Duk ɗan kasuwar da ke cin kasuwannin bakin iyaka irin su Jibiya, Ɗan Isa, Illela, Birnin Ƙonni, Mai'aduwa da Maigatari ya san wasu baƙi da suka yawaita a ƴan shekarun nan. Samari ne da ƴan mata masu tsabtar tufafi, riƙe da takardu masu launi da taswirar fulotai, suna bi rumfa-rumfa suna tallan fili a bayan garin Kano, ko Abuja, ko Yamai, ko Maraɗi. Sharaɗin da suke zuwa da shi mai daɗin ji ne: ka ba da kafin alƙalami, sauran kuma ka riƙa biya wata-wata kamar zubin adashe. To amma akwai abin da da yawa daga cikin waɗanda suka shiga irin wannan ciniki suka lura da shi. Kafin mutum ya gama biyan kuɗin filin, yaron da ya kawo masa tallan ya bar kamfanin. In ka kira lambarsa ya ce ai ya daɗe da ajiye aikin, in ka je ofis ka tarar da sabuwar fuskar da ba ta san alkawarin da aka yi maka ba.

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Wannan shiga da fita ta shafi mai sayen da kuɗinsa ke hannun kamfani, ta kuma shafi iyayen da ƴaƴansu suka gama karatu suka rasa aikin yi har suka faɗa wannan layi. Idan aka duba lamarin da idon basira za a ga cewa an gina aikin ne ta yadda ma'aikaci ke ɗaukar kasada, kuma babban jarin da yake zubawa shi ne mutuncinsa a wurin mutanen da suka san shi. Ranar da wannan jari ya ƙare, ranar aikin yake ƙarewa.

Bambancinsu da dillalin da muka sani

Dillanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa, kuma ƴan kasuwa sun fi kowa sanin yadda take. Fataken shanu da goro da ke sauka Sabo ta Ibadan ko zangon Kumasi sun dogara ne da maigida, wanda zai sauke baƙo, ya haɗa shi da mai saye, ya kuma tsaya masa idan an ba da kaya bashi. Haka dillalin fili na unguwa yake. Yana da gida da iyali a garin, mai unguwa ya san shi, akwai shugaban dillalai da za a kai ƙararsa, kuma yana karɓar la'adarsa nan take a gaban shaidu da zarar an sallama. Sama da duka, yana da ikon ya ce ba zai sa hannu a filin da bai yarda da shi ba.

Ɗan tallan kamfani ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba shi ya zaɓi filin ba, ba shi ya yanka farashi ba, sau da yawa bai taɓa ganin ainihin takardun mallaka ba sai kwafinsu, kuma kuɗin da mai saye ya biya asusun kamfani yake tafiya. Amma fuskarsa aka sani, lambarsa ce a wayar mai saye. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Dalilin da ya sa kamfanonin ke turo yaran nan kasuwa ba ɓoyayye ba ne. A ƙasashen namu biyu bashin sayen gida na banki bai wadata ba. Najeriya tana da asusun gidaje na ƙasa tun 1992, inda ma'aikaci ke zuba kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa don ya sami rance mai ruwa kashi 6, amma masu albashi ne suka fi cin moriyarsa. Rancen bankunan kasuwanci kuwa ya fi ƙarfin talaka, musamman da Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5 a watan Nuwamba 2024. A Nijar an buɗe bankin gidaje a ƙarshen 2018, sai dai bankuna sun fi sakin jiki da wanda albashinsa ke bi ta hannunsu. Ga kuma ƴan kasuwa da yawa da ba sa son taɓa bashi mai ruwa tun asali. Saboda haka mai kuɗi a hannu ake nema: ɗan kasuwa, ɗan canji, mai dabbobi da wanda ke ci-rani a waje.

Albashin da yake a baki

Dalili na farko da ke korar ma'aikatan shi ne yadda ake biyansu. Tallan neman ma'aikata kan ambaci manyan kuɗi, amma idan mutum ya shiga sai ya tarar da cewa mafi yawan abin da aka faɗa kamasho ne, wato sai ya sayar zai samu. Wasu kamfanonin kan ba da ɗan kuɗin mota a wata, wasu ko sisi ba sa bayarwa, wasu kuma su yanka wa ma'aikaci adadin fulotan da zai sayar, in bai cika ba a zaftare ɗan abin da ake ba shi.

Bari mu yi lissafi a matsayin misali. A ce fuloti Naira miliyan 3 ne, kamasho kuma kashi 5 cikin 100 kamar yadda aka saba a la'adar sayar da fili. Rabon ɗan talla Naira 150,000 ke nan. Idan mai saye zai biya cikin wata 12, to ko dai a riƙa gutsura masa Naira 12,500 a wata, ko a ce ya jira sai an gama biya. In mai sayen ya tsaya a wata na biyar, magana ta sha ruwa. In akwai shugaban rukuni a samansa, ko wani da ya nuna masa mai sayen, sai an raba. Kafin wannan ciniki ɗaya ya faɗa kuwa, ya kai mutum nawa ganin fili a bayan gari da kuɗin aljihunsa? Ya sayi katin waya na nawa?

Mai karatu zai tuna cewa a ranar 29 ga Mayu 2023 aka janye tallafin man fetur a Najeriya. Litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta koma wajen 500 cikin ƴan kwanaki, ta kuma haura Naira 1,000 a watan Oktoba 2024. A Disambar wannan shekara hauhawar farashin kaya ta kai kashi 34.8 cikin 100. Aikin da duk tafiya ce da yawon kai mutane daji, shi ya fi jin wannan a jika.

Wani abin lura shi ne doka ba ta tsaya wa irin wannan ma'aikaci sosai ba. An ɗaga mafi ƙarancin albashi a Najeriya daga Naira 30,000 zuwa 70,000 a watan Yuli 2024, amma dokar ta ware waɗanda ake biya da kamasho, ta kuma ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba. Dokar ƙwadago ta ƙasar ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da kama aiki, sai dai a wajen fayyace wane ne ma'aikaci ta cire wakilai da ƴan tallan da ke aikinsu a wajen harabar kamfani. A Nijar mafi ƙarancin albashi ya tashi daga sefa 30,047 zuwa jikka 42 a farkon 2024, dokar aiki ta 2012 tana nan, kuma wajibi ne mai kamfani ya yi wa ma'aikacinsa rajista a asusun CNSS. Amma wanda aka kira shi "abokin hulɗa", ba kwantiragi ba takardar albashi, da me zai je gaban sufeton ƙwadago?

Akwai ma inda kamasho ke taruwa, kamfani ya ce babu kuɗi, ya miƙa wa ma'aikaci fuloti a madadinsa. Wannan ba sabon abu ba ne a wurin ƴan Nijar, domin a farkon shekarun 2000, zamanin Shugaba Tandja Mamadu, gwamnati da kanta ta biya ma'aikatanta wani kaso na bashin albashi da filaye. Amma wanda ke neman kuɗin cefane da na haya, fili a daji ba ya kashe masa yunwar yau, ƙarshenta ya karyar da shi a kan araha.

Kasuwar da ta yi ta tsayawa

Dalili na biyu shi ne, cinikin fili yana bin cinikin kasuwa ne sau da ƙafa. Ɗan kasuwa ba ya sayen fili sai da rarar da ta saura bayan ya mayar da uwar kuɗi. To duba abin da ya sami kasuwannin iyaka cikin shekara biyar. A watan Agusta 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. Illela da Maigatari ba a buɗe su ba sai Disambar 2020, Jibiya da Kamba kuwa sai Afrilun 2022. A farkon 2023 canjin takardun Naira ya jawo ƙarancin tsabar kuɗi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar, takunkumin CEDEAO ya sake rufe iyaka har zuwa Maris 2024, ita kuwa gadar Gaya da Malanbil ta ci gaba da zama a rufe ko bayan ɗage takunkumin. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan lokuta, zubin fili ne abu na farko da ɗan kasuwa ke dakatarwa, kuma ɗan tallan da ke jiran kamasho shi ne na farko da ke kwana da yunwa.

Faɗuwar Naira ma ta taka tata rawar. Bayan da aka saki farashin canji a watan Yuni 2023, Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen Naira 460 ta haura 1,500 a 2024, jikka ɗaya ta sefa kuma ta zarce Naira 2,000. Ga mai sefa a hannu, fili a Najeriya ya yi sauƙi. Amma ga kamfanin da ya sayar da gida tun bai gina ba, a kan tsohon farashi, abin ya zama masifa, domin a Fabrairun 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wurare da yawa. Wasu suka tsayar da gini, wasu suka ce sai masu saye sun yi ciko. Wa aka tura ya je ya faɗa wa alhaji cewa gidan da ya gama biya yana buƙatar ƙari? Yaron da ya rantse masa cewa farashi ba zai canja ba.

A Yamai abin ya zo ta wata fuska. Taron ƙolin Tarayyar Afirka na Yulin 2019 ya kawo manyan otel-otel da gine-gine, kuma shekaru da dama hayar manyan gidaje a unguwanni irin su Filato da Kwara Kano ta dogara ne da baƙi masu biya da tsada. Sojojin Faransa sun gama ficewa a Disambar 2023, aka rufe ofishin jakadancinta a farkon 2024, sojojin Amurka suka bi baya a watan Satumba na wannan shekara. Wanda abincinsa ke fitowa daga haɗa irin waɗannan baƙi da masu gida dole ya nemi wata hanya. Rage farashin siminti da gwamnati ta yi a watan Oktoba 2024, inda tan ya koma jikka 55 a Yamai, ya taimaki mai gini, amma bai dawo da masu hayar da suka tafi ba.

Idan dangi suka ƙare

Dalili na uku shi ne wanda ba a cika faɗa ba, alhali shi ne ƙashin bayan lamarin. Sabon ɗan talla ba ya fara sayar wa baƙo. Wanda zai ɗauki miliyoyi ya ba yaro ɗan shekara ashirin da biyar a kan filin da bai gani ba, sai wanda ya san gidansu. Don haka cinikinsa na farko yakan fito ne daga kawunsa, ko ubangidan mahaifinsa a kasuwa, ko maƙwabci, ko abokin karatu da ke Saudiyya ko Libiya. Kamfanonin sun san haka sarai, shi ya sa ɗan gidan da aka sani a kasuwa ba ya shan wahalar samun wannan aiki.

To amma dangi da abokan arziki suna da iyaka. Cikin ƴan watanni ya gama zagaye duk wanda zai saya saboda kunya ko zumunci. Daga nan sai bin baƙi, inda za ka yi wa mutum hamsin bayani kafin ɗaya ya ce a kai shi ya gani. Ciniki ya ja baya, shugaba ya fara faɗa a taron safe, ɗan kuɗin mota ya tsaya. Shi kuwa kamfani bai yi asarar komai ba, tunda masu sayen da yaron ya kawo suna nan suna zubi, kuma a wurare da yawa wanda ya bar aiki ya bar sauran kamashonsa ke nan. Sai a sake buga tallan neman ma'aikata, wani sabon yaro ya zo da sababbin dangi. Idan aka fahimci wannan za a gane cewa a wurin wasu kamfanoni tafiyar ma'aikata ba ciwo ba ce da suke neman maganinsa, tana cikin lissafin ribarsu.

Ƴan mata kuma suna da tasu matsalar a kan wannan. Aikin yana buƙatar bin masu kuɗi ofis-ofis da shago-shago, da amsa waya ko da dare, kuma ba kowane mai saye ne ke tsayawa a kan maganar fili ba. Da yawa iyaye ko maza ne ke cewa a bari, wasu kuma su da kansu suke ganin abin da ake samu bai kai a jure wulaƙanci ba.

Tsuntsun da ya ja ruwa

Dalili na huɗu, wanda ya fi kowanne zafi, shi ne rikicin takardu. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen kowace jiha a hannun gwamna, kuma yana da ikon soke mallaka saboda amfanin jama'a ko saɓa sharaɗi. Yawancin fulotan da ake tallatawa a bayan gari gonaki ne da aka saya aka yanka, abin da Kanawa ke kira awon igiya, ba su da takardar shaidar mallaka mai sa hannun gwamna. A Abuja kuwa ministan birnin ne kaɗai ke da ikon ba da fili, don haka takardar ƙaramar hukuma ko ta sarkin ƙauye ba ta isa ba.

Hatta mai takardar gwamnati bai tsira gaba ɗaya ba. A watan Yuni 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, gwamnatin Kano ta rushe gine-gine a wurare irin su tsohon otel ɗin Daula da filin Idi, bisa hujjar cewa gwamnatin da ta gabata ta raba filayen jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Masu shagunan filin Idi sun je kotun tarayya, ta yanke a biya su diyyar Naira biliyan 30, daga baya aka sasanta a kan biliyan 3. A Abuja, Minista Nyesom Wike ya soke fulotai 165 a Satumbar 2023 saboda rashin ginawa, sannan a Maris 2025 aka soke takardu 4,794 saboda rashin biyan harajin ƙasa.

A Nijar ma an san rigimar farsel ɗaya mai takarda biyu, da gonar gado da wani magaji ya sayar ba da sanin ƴan'uwansa ba, da filayen da aka yanka a cikin dajin da ya kewaye Yamai wanda aka fara dasawa a 1965. Damina ta 2024, wadda ambaliyarta ta kashe sama da mutum 300 a ƙasar, jihar Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, ta tona asirin filayen da aka sayar da rani a kan hanyar ruwa.

Idan irin wannan ta faru, mai kamfani yana da lauya, yana da mai gadi a ƙofa, wani lokaci ma ba ya ƙasar. Ɗan talla kuwa an san gidan ubansa. Shi ake tarewa a masallaci da wurin ɗaurin aure, shi ake kai wa ƴan sanda ko jandarma. Dokar ƴan sandan Najeriya ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, ta kuma hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, amma wanda ya karɓi kuɗi da hannunsa ko a asusunsa ya shiga wani hali, domin dokar yaƙi da damfara ta 2006 ta tanadi ɗaurin shekara 7 zuwa 20 ga wanda aka samu da karɓar dukiya ta hanyar yaudara. Yaro mai hankali da ya ga an kama abokin aikinsa sau ɗaya ba ya jiran nasa ya zo. Akwai kuma waɗanda zuciyarsu ce ba ta kwanta ba, tunda sun taso sun ji cewa ɓoye aibin haja haramun ne, ga shi ana koya musu su ce "saura fuloti biyu" ko "gwamnati za ta kawo kwalta bana" ba tare da hujja ba. Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284 a Fabrairun 2021, zancen tashar jirgi ya zama abin jan hankalin mai saye daga Ɗambatta har Jibiya, ko da filin ba ya kusa da inda layin ya bi.

Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. Ƴan kasuwarmu masu zuwa Guwanzu sarin kaya sun ji labarin Evergrande, katafaren kamfanin gidaje na ƙasar Sin da aka kafa a wannan birni. Lokacin da bashin da ya haura Dala biliyan 300 ya danne shi a 2021, an gano cewa ya matsa wa ma'aikatansa su zuba kuɗinsu a cikinsa, wasu har da na dangi. A Janairun 2024 kotu a Hong Kong ta ba da umarnin a karya kamfanin a sayar da kadarorinsa. Ma'aikatan sun rasa aiki, sun rasa ajiya, ga kunyar waɗanda suka jawo.

Waɗanda suka ƙware su ma tafiya suke

Kada a ɗauka cewa wanda ya kasa ne kaɗai ke tafiya. Wanda ya iya aikin yakan zauna ya yi lissafi: shi ya nemo mai saye, shi ya kai shi fili, shi ya lallashe shi, amma kashi kaɗan ya samu. Ya riga ya san manoman da ke sayar da gona, ya san mai awo, ya san hanyar ofishin filaye, lambobin masu saye kuma suna cikin wayarsa. Da WhatsApp da Facebook da TikTok ba ya buƙatar ofis mai gilashi kafin a san shi. Sai ya haɗa kai da wani mai kuɗi su sayi gona su yanka, ko ya koma wani kamfanin da ya ƙara masa kashi biyu. Wannan ne ya sa kamfanonin ke ta ƙaruwa kamar tsiron damina, kowanne kuma yana neman sababbin yara.

Su ma masu kamfanonin suna da nasu ƙorafin, kuma adalci ne a faɗe shi. Suna cewa akwai ma'aikatan da ke karɓar zubi su cinye, da masu karkatar da mai saye zuwa wani wurin a ɓoye don la'ada mai tsoka, da masu yin alkawarin da kamfani bai aike su ba. Suna kuma cewa ba za su iya biyan albashi mai kauri ga mutum hamsin ba a kasuwar da wata guda kan wuce ba a sayar da fuloti biyar ba. Akwai gaskiya a ciki. Kuma akwai kamfanoni masu riƙon amana da ke biyan haƙƙi a kan lokaci. Alamar su a fili take: za ka tarar da ma'aikacin da ya shekara huɗu ko biyar a wurin.

Abin da ya rage ga mai saye

Darasin da ke cikin wannan duka shi ne, amanar da ka ba yaron da ka sani ba ta ɗaure kamfanin da ba ka sani ba. Yaron zai iya tafiya gobe, takarda ce kaɗai za ta zauna. Don haka duk alkawarin da aka yi maka da baki, na girman fili, ko ranar miƙawa, ko abin da zai faru in ka makara da zubi, ko yadda za a mayar maka da kuɗi in ka fasa, a rubuta shi a cikin yarjejeniya mai hatimin kamfani da sa hannun mai shi. Kuɗi kuma a biya a asusun kamfani a karɓi rasit, kada a damƙa wa ɗan talla ko da ɗan cikinka ne, domin hakan kariya ce gare ka da shi baki ɗaya.

Ba a cinikin biri a sama. Ka je ka ga filin da idonka, in da hali da damina, ka tambayi mai unguwa da maƙwabtan gonar. A Najeriya ka sa a bincika maka lambar filin a KANGIS in Kano ne, AGIS in Abuja ne, KADGIS in Kaduna ne, ka kuma duba rajistar kamfanin a hukumar CAC. A Nijar ka tabbatar hukuma ta amince da yankan filin, ka bincika takardar sallama a ma'aikatar magajin gari, ka san cewa titir fonsiye ita ce takarda mafi ƙarfi, gonar karkara kuma a bi ta kwamitin filaye na yankin. Sannan ka yi wa ɗan tallan tambayoyi biyu: wata nawa ka yi a wannan kamfani, kuma ina wanda ka gada? Amsar da zai ba ka za ta gaya maka abin da takarda mai launi ba za ta faɗa ba.

Uban da ɗansa zai kama irin wannan aiki shi ma yana da haƙƙin ya tambaya: nawa ne tsayayyen albashi, yaushe ake biyan kamasho, kuma in ya bar aiki ina makomar abin da ya riga ya sayar? In babu amsa a rubuce, to a sani cewa sunan gidan ne ake son a yi talla da shi.

Hukumomi kuma suna da abin koyi. Dubai, wadda ƴan kasuwarmu suka sani, ta kafa doka tun 2007 cewa kuɗin wanda ya sayi gidan da ba a gama ba a ajiye shi a wani asusu na musamman, ba a sakar wa kamfani sai gwargwadon yadda gini ya ci gaba, dillali kuma sai da lasisi. Jihar Legas ta sa hannu a dokar da ta wajabta wa masu harkar gidaje yin rajista a 2022. Babu abin da zai hana jihohin Arewa da hukumomin Nijar su tilasta wa kamfanonin nan nuna takardun fili kafin su fara talla, su kuma rubuta wa ma'aikatansu kwantiragi. Kafin a kai ga haka, ɗan kasuwar da ya ga kamfani yana canja ma'aikata kamar riga, ya riƙe kuɗinsa tukuna ya bincika. Allah ya tsare mana dukiya da mutunci.